Lugu: ƙauyen Sarauniya da sunansa ya zaga duniya, shi kuwa yana nan yana jiran damana

A Yamai ba sai an yi wa mutum bayanin sunan Sarauniya ba. Akwai gidan rediyo da talabijin mai wannan suna, ƴan lakwal na haɗuwa da shi a darasin tarihi, ƴan siyasa kuma na ambatonsa duk lokacin da zance ya biyo ta kan ƴancin ƙasa. Amma da za a tsayar da matasa a bakin Babbar Kasuwa a ce su nuna hanyar garin Sarauniya, ba kowa ne zai iya ba. Wasu ma sun ɗauka labari ne na littafi kawai.

Garin yana nan. Sunansa Lugu, Turawa na rubuta shi Lougou. Ƙaramin ƙauye ne na manoman hatsi a ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa, cikin ƙaramar hukumar Dankassari, gundumar Dogon Dutsi, jihar Dosso. A watan Afrilun 1899 mutanensa suka tare sojan Faransa da kwari da baka. Yau abin da ke gabansu shi ne abin da ke gaban dubban ƙauyukan Nijar: gona na ƙanƙancewa, ƙasa ta gaji, samari na tafiya bida. Wanda ya duba yanayin ƙasar zai ga cewa labarin yaƙin da labarin gonar ba su rabu ba.

Hanyar zuwa

Mai fitowa daga Yamai yana bin babbar hanyar kwalta ta ɗaya, ya wuce Dosso, ya isa Dogon Dutsi bayan tafiyar kimanin kilomita 270. Dutsen da ya bai wa garin suna shi ke fara yi wa baƙo maraba. Daga nan hanya ta ci gaba gabas zuwa Birnin Ƙonni, kuma a kanta Dankassari yake. Lugu ba ya bakin kwalta. Sai an saki babbar hanya an nausa arewa, ta turbar rairayi da tsakuwa wadda babur da amalanken jaki ko ta shanu suka fi mota saninta.

Da rani ƙasar jajir take, sai kututturan karan hatsi da sabara da geza jefi-jefi. Da damana kuwa hatsi kan rufe turbar har mai babur ya ɓace a cikinsa. Gidajen na laka ne da bukkokin kara, rumbuna na tsaye a gefe bisa duwatsu don gudun gara da danshi. Babu wata ganuwa, babu fada mai soro. Baƙon da ya zo da hoton fim a kansa yakan yi mamakin ƙanƙantar wurin.

Dallol, fako da jigawa

Abu uku suka haɗu suka yi ƙasar Arewa. Na farko shi ne Dallol Mawri. Dallol kalmar Fulatanci ce mai nufin kwari, kuma wannan kwarin tsohon gulbi ne da ya daina gudu tun dubban shekaru, lokacin da Sahara ta bushe. Ya ratso daga arewa, ya bi ta Matankari da Dogon Dutsi, ya gangara kudu har kogin Kwara a wajen Gaya. Ruwan bai tafi duka ba, yana kwance ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa a cikin kwarin rijiya ba ta da zurfi, kuma nan ne manyan garuruwa da lambuna suka taru.

Na biyu shi ne tudu mai jan dutse da fako, wanda ruwan sama ke zamewa a kansa bai shiga ba. A can rijiya na iya cin gaba da yawa kafin a tarar da ruwa, kuma jan guga aikin dabba ne ko na mata da yawa a igiya ɗaya. Na uku shi ne jigawa, rairayin da iska ta tara tsakanin tudu da kwari. Yana da sauƙin noma da hauya, amma ba ya riƙe taki, ba ya riƙe ruwa.

Lugu yana gabas da Dallol, a inda tudu da jigawa suke cuɗanya. Ruwan sama a wannan yanki yana kaiwa milimita 400 zuwa 600 a shekara, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Irin wannan ƙasa ba ta tara dukiyar da za ta ja hankalin manyan sarakuna, amma tana da abin da mai neman zaman kansa ke so: nisa daga manyan hanyoyi, da kurmi mai ƙaya da doki ba ya ratsawa. A da, dajin da ke kewaye da Lugu ya yi kauri ƙwarai, kuma akwai sashen da al'ada ta hana a sa masa gatari.

Masu ƙasa da masu sarauta

Tarihin kafuwar Lugu na baka ne, kaka da kakanni. Abin da ake faɗa shi ne mutanen farko, Gubawa, sun taso ne daga gabas, daga wajen Daura, ƙarƙashin jagorancin wata mace da ake kira Ƴar Ƙasa. Suna tafe da wani dutse mai suna Tunguma, kuma inda dutsen ya tsaya nan suka sauke kaya. Ita ce Sarauniya ta farko. Daga Lugu ne, in ji wannan ruwaya, zuriya ta bazu ta kafa wasu garuruwa, ciki har da Bagaji, mazaunin Baura.

Daga baya wasu baƙi suka zo daga Barno. Ruwayar Arawa ta ce wani ɗan sarki mai suna Ari ya auri ɗiyar Baura, aka haifi Akazama, wanda sarakunan Arewa ke danganta kansu da shi. Daga sunan Ari ake cewa an samo Arawa da Arewa. Zabarmawa kuma na kiran mutanen yankin Mawri, sunan da Turawa suka ɗauka suka rubuta a taswira.

Daga nan aka samu rabon aiki da ya daɗe yana tafiyar da ƙasar. Sarki yana da doki, da yaƙi, da hukunci tsakanin jama'a. Gubawa kuwa su ne masu ƙasa: su ke da alhakin roƙon damana mai albarka, da buɗe daji ga mafarauta, da tsare alƙawarin da suka yi imani kakanninsu sun ƙulla da iskokin wurin. Masu bin wannan addinin gargajiya su ake kira Azna. Masanin Faransa Marc-Henri Piault ya yi dogon nazari kan wannan tsari a littafinsa Histoire Mawri na 1970.

Don haka Sarauniya ba sunan mace ɗaya ba ne, muƙami ne, kuma ba irin sarautar da ake hawan doki a zaga gari ba ce. Mai riƙe da shi tana zaune a ɗakinta, sanye da farin saƙi, tana kaɗin auduga, mutane na zuwa gare ta neman shawara da albarka. Idan ta rasu ba a gadonta kamar yadda ake gadon gona. Ana yin abin da ake kira tarkama: a ɗauki gawar, kuma bisa imanin mutanen, ita ce ke jan masu ɗauke da ita zuwa ga macen da za ta gaje ta. Shi kuma dutsen Tunguma, a wajen gari yake, kuma shekaru aru-aru mutane na zuwa daga nesa su kai masa ƙarar sata ko wata rigimar da ta gagari shaida.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 ya sauya fuskar ƙasar Hausa, kuma Sakkwato ba ta da nisa da nan. Duk da haka Lugu bai bar al'adarsa ba a tsawon ƙarni na 19. Wannan taurin kai shi Turawa suka tarar.

Afrilun 1899

Abin da ya kawo yaƙi ƙofar Lugu an ƙulla shi ne a birnin Paris. Ranar 14 ga Yunin 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu kan yarjejeniyar raba wannan yanki. Iyakar ta bi tsakiyar Dallol Mawri, sannan ta yi baka mai nisan mil 100, kimanin kilomita 160, kewaye da Sakkwato. Duk abin da ke cikin bakan na Ingila ne. Bisa takarda ke nan, ƙasar da ke gabas da Dallol, har da Lugu da Birnin Ƙonni, ba ta cikin rabon Faransa. Abin da aka bar wa Faransa shi ne hanyar arewa, mai ƙarancin rijiyoyi.

A lokacin Faransa na son haɗa yankunanta a tabkin Chadi. Ta tura ayari uku: ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango, na ukun kuma daga kogin Kwara ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine. Wannan na ukun ya bar bakin kogi a farkon 1899, bayan kisan gillar da ya yi a Sansane Hausa. Turawan cikinsa ba su kai goma ba. Sauran sojoji ne baƙar fata da aka ɗebo akasari daga Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, da ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da matan da aka kwaso a hanya. Jimillarsu ta haura mutum dubu nesa ba kusa ba, ban da dawaki da shanu.

Duk wanda ya san ƙauye ya san abin da wannan ke nufi. Taro irin wannan yana ƙafar da rijiyar gari a yini guda, ya share rumbunansa cikin kwana biyu. Tun da hanyar arewa ba ruwa, ayarin ya bi inda rijiyoyi da rumbuna suke, bai damu da layin da aka ja a Paris ba. Garin da ya ba da hatsi ya talauce, wanda ya hana a ƙone shi. Wasu sarakunan yankin sun zaɓi sulhu don su tsira da mutanensu.

Lugu bai yi haka ba. Sarauniyar lokacin, Mangu, ta ƙi ba da hanya, kuma mayaƙan Azna na kewaye suka taru a wajenta. Ranar 16 ga Afrilun 1899 aka gwabza. Sojan Faransa sun yi ta ruwan harsashi, maharba kuma suka ja da baya suka shige kurmin da suka sani kamar tafin hannunsu, inda bindiga ba ta ganin abin harbi. Bisa lissafin Turawan da kansu, an kashe musu mutum 4, an jikkata 6, kuma sun ƙone harsashi kusan 7,000. Ga ayarin da ya saba shiga gari ba tare da an ɗaga masa yatsa ba, wannan babbar asara ce. Sun shiga Lugu sun cinna masa wuta, amma ba su kama Sarauniya ba.

Wanda ya ƙone rumbu a watan Afrilu bai ƙone abincin rana ɗaya ba. Saura ƴan makonni ruwan shuka ya sauka, kuma a cikin rumbun nan iri yake, da hatsin da za a ci a samu ƙarfin noma. Waɗanda suka fito daga kurmi bayan wucewar ayarin sun tarar da toka a daidai lokacin da manomi ya fi bukatar abin hannunsa.

Ayarin ya ci gaba gabas. A watan Mayu ya yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Tun kafin wannan, labarin ta'asar ayarin ya kai Paris, aka turo Laftanar-Kanar Klobb ya karɓe jagoranci. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojin suka juya wa shugabanninsu: aka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17, kuma kaburburansu na Maijirgi. Aka ci Damagaram a ƙarshen watan, daga baya Joalland da Meynier suka ja ragowar. A ƙasar Arewa mutane da yawa sun ɗauki wannan mummunan ƙarshe, wata uku bayan Lugu, a matsayin bakin Sarauniya.

Bayan wuta ta mutu

Matsalar hanyar da ba ruwa ita ta sa Faransa ta nemi a sake zama. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka turo iyaka kudu, aka kafa alamominta a shekarun da suka biyo baya. Ta haka Lugu da Ƙonni suka faɗo ɓangaren Faransa, ƴan uwansu na Kabi da Sakkwato suka zauna ɓangaren Ingila. Da layin 1898 ya tsaya yadda yake, da yau mutumin Lugu ɗan Najeriya ne.

Mulkin mallaka ya zo da nasa tsari. Kumandan yana bukatar wanda zai tara masa lanho, ya kawo masa mutanen aikin tilas, don haka da sarakuna da masu gari ya yi hulɗa. Mai ƙasa da ke zaune a ɗaki tana kaɗi ba ta da gurbi a takardunsa. Cibiyar mulki ta zauna a Dogon Dutsi, hanyar mota ta bi ta can, kasuwa da lakwal da likita suka bi hanya. Nisan da ya kare Lugu a zamanin dawaki shi ya zame masa cikas a zamanin mota.

Nijar ta zama cikakkiyar mallakar Faransa a 1922, aka soke aikin tilas a 1946, aka samu ƴancin kai ranar 3 ga Agustan 1960. A tsawon wannan lokaci Musulunci ya game ƙasar Arewa, ya shiga kusan kowane gida. Masu riƙe da al'adar Azna suka ragu, iyalai da dama suka tashi neman sabuwar gona a wasu wurare. Muƙamin Sarauniya bai yanke ba bayan Mangu, sai dai da'irar masu zuwa gaishe ta ta yi ta tsukewa.

Littafi da fim

Wanda ya fito da sunan daga Arewa zuwa duniya shi ne Abdoulaye Mamani, marubuci kuma ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba, wanda ya sha gudun hijira da kurkuku. A 1980 ya wallafa littafinsa Sarraounia da Faransanci. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986. An ɗauki fim ɗin a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987.

Littafin ƙagaggen labari ne da aka gina kan abin da ya faru. Sarauniyar cikinsa matashiya ce jaruma mai jagorantar mayaƙa da kanta, mai birni da ganuwa. Takardun sojan Faransa kuwa sun ambace ta ne a taƙaice, da kalmar raini ta tsohuwar matsafiya. Ruwayar mutanen yankin ta fi ba da ƙarfi ga asirinta da tsayuwarta a kan ƙin miƙa wuya. Wannan bambanci bai rage mata komai ba. Abin da ya tabbata ya isa: ƙaramin ƙauye na manoma, bisa umarnin mace, ya ce a'a a lokacin da garuruwan da suka fi shi girma suka buɗe ƙofa.

Sai dai shaharar ta tsaya ne a birni. Fim ɗin ma ba a Lugu aka yi shi ba. Suna ya tafi, ƙauye ya zauna da gonarsa.

Lissafin rumbu

Shekarar manomin Arewa ba ta sauya sosai ba tun zamanin Mangu. A watan Afrilu da Mayu ake sassabe da kai taki. Wasu kan yi binne, su sa iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa, caca ce da kan ci iri idan ruwan farko ya yi ƙaranci. Idan ruwa ya sauka a Yuni, kowa da kowa na gona, babba na sara, yara na bi suna jefa iri. Sai noman farko, sai maimai. Ana haɗa hatsi da wake a gona ɗaya, mata kuma na da nasu gayauni na gujiya, kwaruru, yakuwa da kuɓewa, waɗanda su ne kuɗin cefane da na bikinsu. Watan Agusta shi ne mafi wuya: aiki ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. A Satumba da Oktoba ake girbi, a ɗaure damma a kai rumbu.

Lissafin ba shi da wuya. A irin wannan jigawa, hekta ɗaya na ba da kilo 400 zuwa 500 na hatsi a shekara mai matsakaicin kyau. Mutum ɗaya na bukatar kilo 200 zuwa 250 a shekara. Gida mai mutum takwas ke nan yana bukatar abin da ya kai hekta huɗu kafin a yi zancen sutura, magani, ko aure. A ɗauki misalin magidanci mai hekta goma sha biyu da ƴaƴa maza huɗu: kowanne zai tashi da uku. Idan su ma suka haifi kamar haka, jikoki ba za su samu ko hekta ɗaya cikakkiya ba.

Wannan shi ke faruwa a faɗin kudancin ƙasar. A 1960 ƴan Nijar ba su wuce miliyan 3 da ƴan kai ba. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da miliyan 17, da ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. A da, idan gona ta gaji sai a bar ta ta huta shekaru, a sari sabon daji. Yanzu ba sauran dajin da za a sara, ba kuma halin barin gona ta huta. Burtalin da Fulani ke bi da shanu ya matse, abin da ke jawo rigima duk kaka. Dokar ƙasa ta karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye don irin wannan, amma takarda ba ta ƙara faɗin gona.

Ga kuma fari. Tsofaffin yankin na tuna na 1973 zuwa 1974, da na 1984 wanda ake kira El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, da kuma matsin 2005. A irin waɗannan shekaru ne mata ke komawa ga anza, suna jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki don cire ɗaci kafin a ci.

Kurmin da ya ɓoye su

A nan labarin 1899 ya haɗu da na yau. Abin da ya ceci mutanen Lugu daga bindiga kurmi ne. Irin wannan daji kuwa shi ya fi shan wuya a ƙarnin da ya wuce: gona ta ci wani, fari ya kashe wani, itacen girki da gawayin birni suka kwashe saura. Inda itace ya tafi, iskar farkon damana na binne sabuwar shuka da rairayi, ruwa na kwarara ya yanka ƙorama a tsakiyar gona, fako na ƙara faɗi.

Maganin ba daga waje zai zo ba, a maƙwabta yake. A jihar Tawa, wajen Illela da Badagishiri, manoma sun farfaɗo da fako ta hanyar haƙa tassa da rabin wata, ramukan da ke tare ruwa da taki. A jihohin Maraɗi da Damagaram kuma, tun shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon itatuwa a gona suna yi musu aski maimakon sassabe su ƙone. Masana sun ƙiyasta cewa wannan sassaben zamani ya dawo da itace kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damana ya bar hatsi ya sha rana, yana ƙara wa ƙasar da ke ƙarƙashinsa ƙarfi. Dabarun ba su cin kuɗi da yawa. Abin da suke ci shi ne hannu, kuma da rani ake yinsu, daidai lokacin da majiya ƙarfi ba sa gida.

Masu tafiya da masu zama

Da an gama girbi samarin Arewa ke ɗaukar jaka. Wasu Yamai, wasu Sakkwato, Kabi ko Legas, wasu Kwatano, Abijan ko Kumasi, wasu Libiya da Aljeriya, wasu kuma wuraren haƙar zinariya na arewacin ƙasar tun da aka gano ta Jado a 2014. Kuɗin da suke aikowa shi ke sayen buhun da ke cike giɓin Agusta. Shi ya sa rufe iyaka, kamar na 2019 da na 2023, da faɗuwar Naira, da matsalar tsaron da ta addabi bakin iyaka a ƴan shekarun nan, duk a tukunyar ƙauye suke ƙarewa.

Ba wanda zai zargi saurayin da ya tafi, lissafin rumbu ne ya kore shi. Amma ci-rani iri biyu ne. Akwai mai dawowa da ruwan farko ya kama hauya, akwai kuma wanda shekara ke zama biyu, biyu ta zama goma, har ƴaƴansa su tashi ba su san hanyar garin ba. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ga ƙauye kamar Lugu asarar ninki biyu ce, don tarihinsa ba a rubuce yake a bango ba. Yana bakin tsofaffi ne: jerin sunayen Sarauniyoyi, inda aka yi artabu, inda aka ɓuya, wace zuriya ta tashi ta kafa wane gari. Tsohon da ya rasu ba wanda ya zauna ya saurare shi, da abinsa ya tafi.

Ba sai mutum ya yarda da al'adar Azna ba kafin ya ga darajar wannan. Yawancin jikokin waɗanda suka tsaya a Lugu Musulmi ne a yau, kuma tarihin nasu ne. Wayar da ke aljihun kowane ɗan bida na iya naɗar muryar kakarsa. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke tara kuɗi a Yamai ko Abijan don biki da rasuwa na iya ware wani abu don rijiya, ko bankin hatsi, ko ladan masu haƙa tassa da rani. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya buɗe ƙofar bi da irin wannan aiki a matakin ƙaramar hukuma.

Duk ranar 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai, Nijar na bikin dashen itace. A birane ana jawabi, sau da yawa a ambaci Sarauniya Mangu. A daidai wannan rana mutanen Lugu na cikin gona suna maimai, idonsu na gabas inda hadari ke tasowa, suna lissafin kwanakin da suka rage kafin hatsi ya nuna.